Awon Kwarara, Matsi da Ikon Lantarki: Dangantakarsu da Amfaninsu a Gida da Wurin Sana'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ma'aunai uku da ilimin lantarki ya ginu a kansu, wato kwarara da matsi da iko, tare da turjiya wadda ke haɗa su. An fayyace ma'anar kowanne da yadda ake auna shi, sannan aka bi ƙa'idojin lissafin da ke tsakaninsu da misalai daga kayan da ake amfani da su yau da kullum. Maƙalar ta nuna cewa kwarara ce ke ɗumama waya, kuma rashin lissafa ta kafin a jona kaya yana daga cikin abubuwan da ke jawo ƙonewar kaya da gobara, musamman a inda ake amfani da batir da inbata.

1.0 Gabatarwa

A maganar yau da kullum, kalmar "wuta" ta wadatar. Ana cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ba ta da ƙarfi, wuta ta yi yawa, injin yana shan wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zantuka yana nuni ne ga wani ma'auni na daban. Mai cewa wuta ba ta da ƙarfi, matsi yake nufi. Mai cewa injin yana shan wuta, ko dai iko yake nufi ko makamashin da ake biya wa kuɗi. Muddin hira ake yi, wannan haɗe-haɗe ba ya cutar da kowa. Amma da zarar an zo sayen waya ko fiyus ko batir ko janareta, rashin rarrabewa yakan zama asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi da mai sana'ar gyaran wuta da magidanci su iya amsa tambayoyi uku game da kowace na'ura: wane matsi take buƙata, wace kwarara za ta ja, kuma wane iko za ta ci.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Kwarara

Kwarara ita ce yawan cajin lantarki da ke wucewa ta wani wuri a cikin waya a kowace daƙiƙa. Alamarta I, ma'auninta kuwa amfiya (A). Ana auna caji da kulom, saboda haka amfiya 1 tana nufin kulom 1 a daƙiƙa 1. A cikin wayar ƙarfe, ƙwayoyin da ake kira ilektiron ne ke ɗauke da cajin. Tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019, tsarin awo na duniya ya kafe cajin ilektiron ɗaya a kan 1.602176634 × 10⁻¹⁹ na kulom, kuma a kan wannan adadi aka gina ma'anar amfiya. Ke nan amfiya 1 daidai take da wucewar ilektiron kimanin 6.24 × 10¹⁸ a kowace daƙiƙa.

2.2 Matsi

Matsi shi ne bambancin da ke tsakanin wurare biyu wanda ke ingiza caji ya motsa. Alamarsa V, ma'auninsa bolt. Bolt 1 yana nufin kowane kulom na caji yana ɗauke da makamashi na jul 1. Abin lura a nan shi ne, ba a maganar matsi a wuri ɗaya tak, sai dai tsakanin wurare biyu. Wannan ne dalilin da ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar lantarki guda ba abin da ya same shi, domin ƙafafunsa biyu suna kan matsi kusan ɗaya.

2.3 Turjiya

Turjiya ita ce tirjewar da abu ke yi wa wucewar caji. Alamarta R, ma'auninta om (Ω). Turjiyar waya tana ƙaruwa da tsawonta, tana raguwa da kaurinta, kuma ta danganta da irin ƙarfen da aka yi ta da shi. Jan ƙarfe ya fi alminiyam sauƙin wucewa, shi ya sa wayar alminiyam ke buƙatar ƙarin kauri kafin ta ɗauki abin da ta jan ƙarfe ke ɗauka.

2.4 Iko da Makamashi

Iko shi ne saurin da ake juya makamashin lantarki ya zama zafi ko haske ko motsi. Alamarsa P, ma'auninsa wat (W), wato jul 1 a daƙiƙa 1. Makamashi kuwa shi ne jimillar abin da aka ci a tsawon lokaci, ana auna shi da kilowat-awa, wanda masu sayen katin mita suka sani da "yunit".

Malamai kan kwatanta wannan da tankin ruwa da ke saman gida. Tsayin tankin shi ne matsi, yawan ruwan da ke bi ta bututu shi ne kwarara, ƙuncin bututun shi ne turjiya. Kwatancin yana da amfani, sai dai yana da iyaka: ruwa yana zuba idan bututu ya fashe, amma lantarki ba ya kwarara sai ya sami cikakkiyar da'ira, wato hanyar tafiya da ta komowa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Sunayen ma'aunan nan sunayen mutane ne. Alessandro Volta, ɗan Italiya, shi ya bayyana batir na farko a shekarar 1800. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya gano cewa kwarara tana karkata allurar maganaɗisu, André-Marie Ampère na Faransa kuma ya faɗaɗa binciken da lissafi. A 1827 Georg Simon Ohm, Bajamushe, ya wallafa littafin da ya ƙunshi dokar da ake kira da sunansa. James Prescott Joule na Ingila ya nuna a 1841 yadda zafin da waya ke fitarwa ke tafiya da kwarara. Taron masana lantarki da aka yi a birnin Faris a 1881 ya amince da bolt da amfiya da om a matsayin ma'aunai. Shi kuma wat an raɗa masa sunan James Watt ne, wanda ya shahara wajen inganta injin tururi.

4.0 Dangantakar Ma'aunan

4.1 Dokar Ohm

Dokar ta ce, muddin zafin waya bai canza ba, kwarara tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi:

V = I × R

Idan aka jona turjiya mai om 100 a batir mai bolt 12, kwararar za ta kasance 12 ÷ 100 = 0.12 A. Idan aka ninka matsin ya zama bolt 24, kwararar ma za ta ninka ta zama 0.24 A.

Ba kowane abu ne ke bin wannan doka sau da ƙafa ba. Tsohon ƙwan lantarki mai zare na wat 60 a kan bolt 230 yana da turjiya kimanin om 880 idan yana ci, amma idan aka auna shi a sanyaye, turjiyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba. Shi ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna su.

4.2 Ƙa'idar Iko

P = V × I

Idan aka haɗa wannan da dokar Ohm, ana samun wasu siffofi biyu:

P = I² × R
P = V² ÷ R

Siffa ta farko tana amsa tambayar "nawa na'urar ke ci?". Ta biyu tana amsa "nawa waya ke ɓatarwa a matsayin zafi?", kuma ita ce mafi muhimmanci wajen tsaro, domin idan kwarara ta ninka sau 2, zafi yana ninkawa sau 4, idan ta ninka sau 10, zafi yana ninkawa sau 100. Ta uku tana nuna abin da ke faruwa idan matsi ya sauka ko ya hau.

4.3 Kwarara Mai Juyawa

Batir da farantin sola suna ba da miƙaƙƙiyar kwarara, wadda ke bin fuska ɗaya. Wutar gari da ta janareta kuwa mai juyawa ce. A Nijeriya da Nijar tana kammala zagaye 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa zagaye 60 ne a kan matsin bolt 120. Adadin bolt 230 da ake rubutawa ba shi ne ƙololuwar matsin ba. Shi ne adadin da zai fitar da zafi daidai da na miƙaƙƙen matsi na bolt 230. Ƙololuwar tana kaiwa 230 × 1.414, wato kimanin bolt 325.

Ga kayan da ke ɗumamawa kawai, kamar dutsen guga da hita, ƙa'idar P = V × I tana aiki yadda take. Ga kayan da ke da naɗaɗɗiyar waya, kamar injin jan ruwa da firji da fanka, kwarara tana ɗan jinkirta wa matsi, saboda haka ba duk abin da aka ja ne ke zama aiki ba. A nan sai a ƙara wani adadi tsakanin 0 da 1, wanda za a kira shi kason amfani:

P = V × I × kason amfani

Injin jan ruwa da ke jan amfiya 5 a kan bolt 230 yana ɗora wa layi nauyin bolt-amfiya 1,150. Idan kason amfaninsa 0.8 ne, ainihin ikon da yake ci wat 920 ne. Daga nan ne bambancin kVA da kW ya fito. Janareta mai 2.5 kVA da aka ƙiyasta a kan kason 0.8 ba ya wuce kilowat 2. Bugu da ƙari, irin waɗannan injuna suna jan ninkin kwararar aikinsu sau da yawa a daƙiƙun farko na tashi, don haka dole ne a bar sarari.

5.0 Hanyoyin Awo

5.1 Awon Matsi

Ana auna matsi da boltamita, kuma ana ɗora bakinta biyu ne a gefe biyu na abin da ake aunawa, ba tare da an yanke da'ira ba. Dole turjiyarta ta zama babba ƙwarai don kada ta janye kwarara. Yawancin maltimita na zamani masu nuna lambobi suna da turjiya kimanin om miliyan 10. Duk da haka, na'urar tana iya sauya abin da take aunawa. Misali, idan aka jera turjiya biyu masu om miliyan 1 kowacce a kan bolt 12, matsin da ke kan kowacce bolt 6 ne. Da zarar an ɗora maltimita a kan ɗaya, turjiyar wannan ɓangare za ta sauka zuwa kimanin om 909,000, sai na'urar ta nuna bolt 5.71. Na'urar ba ta lalace ba, shigarta cikin da'irar ce ta kawo bambancin.

5.2 Awon Kwarara

Ana auna kwarara da amita, kuma ita sai an yanke da'ira an saka ta a jere, yadda duk kwararar za ta bi ta cikinta. Saboda haka turjiyarta ƙarama ce ainun. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure mai haɗari: a bar wayar awo a ramin amfiya, sannan a zura ta a soket da niyyar auna matsi. Yin haka tamkar haɗa wayoyin biyu ne kai tsaye. In an yi sa'a fiyus ɗin na'urar ne zai ƙone, in ba a yi ba tartsatsi ya ƙona hannu ko fuska.

Mita mai kamawa ta kawar da wannan haɗari, domin ba a yanke waya. Bakinta yana rungumar wayar ne ya auna maganaɗisun da kwarara ke haifarwa. Sharaɗinta shi ne a kama waya ɗaya kaɗai. Idan aka kama mai wuta da mai komowa tare, maganaɗisunsu zai soke juna, na'urar ta nuna sifiri ko abin da ya yi kusa da shi. Haka kuma ba kowace mita mai kamawa ce ke auna miƙaƙƙiyar kwarara ba, don haka mai aikin sola ya duba kafin ya saya.

Ga babbar kwarara ta batir, ana amfani da wani guntun ƙarfe mai sananniyar ƙaramar turjiya, a auna matsin da ke kansa, sannan a yi lissafi da dokar Ohm. Wanda aka rubuta masa 100 A da milibolt 75 yana da turjiyar om 0.00075.

5.3 Awon Iko da Turjiya

A miƙaƙƙiyar kwarara, ana auna V da I a ninka su. A mai juyawa, ninkin yana ba da bolt-amfiya ne kawai, sai an yi amfani da watmita kafin a sami ainihin wat. Mitar gida ma irin wannan aiki take yi, sannan ta tara shi a tsawon lokaci. Turjiya kuwa ba a auna ta sai an kashe wuta an cire abin daga da'ira.

6.0 Misalan Aiki

6.1 Soket Mai Baki Da Yawa

Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Nijeriya an yi shi ne don kwararar da ba ta wuce amfiya 13 ba. A kan bolt 230, iyakarsa 13 × 230 = wat 2,990. A ɗauka an jona butar dafa ruwa mai wat 2,000 da dutsen guga mai wat 1,000 da murhun lantarki mai wat 1,500 a soket ɗaya mai baki da yawa. Jimilla wat 4,500, kwarara kuwa 4,500 ÷ 230 = 19.6 A. Wannan ya zarce iyaka da rabi, zafin kuma ya haura ninki biyu, domin (19.6 ÷ 13)² ya kai 2.27. Aikin fiyus shi ne ya yanke kafin waya ta narke. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar gwangwani ya mayar da wayar gidan ta zama fiyus.

6.2 Saukar Matsi

Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 yana da turjiyar 230² ÷ 1,000 = om 52.9. Idan matsi ya sauka zuwa bolt 180, ikonsa zai koma 180² ÷ 52.9, wato kimanin wat 612. Zai yi jinkirin zafi, amma ba zai lalace ba. Injin jan ruwa ba haka yake ba, domin nauyin ruwan da yake turawa bai ragu ba. Idan aka ƙaddara cewa yana ci gaba da cin wat 920 a kan kason 0.8, kwararar za ta tashi daga amfiya 5 zuwa 920 ÷ (180 × 0.8) = 6.4 A. Zafin da ke cikin naɗinsa zai ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100. Wannan ne ya sa firji da injin ruwa ke ƙonewa a lokacin da wuta "ba ta da ƙarfi", abin da kan ba mutane mamaki.

6.3 Batir da Inbata

A ɗauka ana so inbata ta ɗauki kaya masu wat 1,200. A ɓangaren bolt 230, kwararar ita ce 1,200 ÷ 230 = 5.2 A. A ɓangaren batir mai bolt 12, ita ce 1,200 ÷ 12 = 100 A, kafin ma a ƙara abin da inbatar ke ɓatarwa. Iko ɗaya ne, amma kwarara ta ninka kusan sau 19.

Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da turjiya kimanin om 0.007 a kowace mita. Idan nisa mita 5 ne, tafiya da komowa mita 10, turjiya om 0.07. A kan amfiya 5.2, zafin da za ta fitar bai kai wat 2 ba. A kan amfiya 100, zafin shi ne 100² × 0.07 = wat 700, kuma bolt 7 cikin 12 za su salwanta a hanya. Wayar ta zama hita, robarta za ta narke. Idan aka sa mai kaurin murabba'in milimita 35, turjiyar za ta koma om 0.005, asarar matsi rabin bolt, zafi wat 50. Daga nan ake gane dalilin da ya sa ake ajiye batir kusa da inbata, ake sa waya mai kauri da fiyus a bakin batir, kuma manyan tsare-tsare ke amfani da bolt 24 ko 48.

Shi ma tsawon lokacin aiki lissafi ne. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. Batir mai dalma da ruwan asid ana son kada a ci fiye da rabinsa don ya daɗe, saura 1,200. Idan inbata tana isar da kashi 90 cikin 100, saura 1,080. Fanka biyu masu wat 60, ƙwayaye shida masu wat 10 da talabijin mai wat 90 sun tashi wat 270. Ke nan 1,080 ÷ 270 = awa 4.

6.4 Kuɗin Wuta

Dutsen guga mai wat 1,000 da ake amfani da shi rabin awa a kullum yana cin yunit 15 a kwana 30. Fanka mai wat 60 da ke aiki awa 10 a kullum tana cin yunit 18. A kan farashin naira 225 kowane yunit, wanda hukumar kula da harkar lantarki ta Nijeriya ta sanar ga rukunin A a watan Afrilun 2024, dutsen guga ya ci naira 3,375, fanka kuwa naira 4,050. Ƙaramin iko mai dogon lokaci yana iya fin babban iko mai gajeren lokaci tsada.

6.5 Manyan Layuka

Wannan ƙa'ida ta I² × R ita ce ta sa wutar da ake samarwa a madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ake ɗaga matsinta zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta nesa, sannan taransfoma ta riƙa sauke shi zuwa 132,000 da 33,000 da 11,000, har ya iso gida. Tura megawat 100 ta layi mai waya uku a kan bolt 330,000 yana buƙatar kimanin amfiya 175. A kan bolt 33,000 zai buƙaci amfiya 1,750, asarar zafi a kan waya ɗaya kuma ta ninka sau 100. Layin da ke kai wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai shi ma mai bolt 132,000 ne saboda wannan dalili.

7.0 Lantarki da Jikin Ɗan'adam

Kwararar da ta ratsa jiki ce ke yin illa, matsi kuma shi ke ingiza ta. Mutum yakan fara jin lantarki a kan kimanin miliamfiya 1. Tsakanin miliamfiya 10 da 20, tsokar hannu tana iya ƙanƙancewa har ya kasa sakin wayar. Idan ta kai 50 zuwa 100 kuma ta bi ta ƙirji, tana iya dagula bugun zuciya. Busasshiyar fata tana da babbar turjiya, amma jiƙaƙƙen jiki yana iya saukowa zuwa kimanin om 1,000. A kan bolt 230, wannan miliamfiya 230 ke nan. Fiyus mai amfiya 13 ba zai ma san da ita ba, domin an yi shi ne don kare waya. Abin da ke kare mutum shi ne wayar ƙasa mai kyau, da makunni mai gano yoyon lantarki wanda ke yankewa a kan miliamfiya 30.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙa'idoji biyu, V = I × R da P = V × I, sun isa a fitar da duk lissafin da aka yi a wannan maƙala. Ana ɗora boltamita a gefe, ana saka amita a jere, kuma kowace na'urar awo tana da tasiri a kan abin da take aunawa. Shawarar da ake bai wa duk mai jona kaya ita ce ya karanta wat ɗin da ke jikin na'ura, ya raba da matsin wurin da zai jona ta, sannan ya gwada amsar da abin da waya da filogi da fiyus za su iya ɗauka. Ga malaman makarantun sakandare da na koyon sana'a, gwaji da batir mai bolt 12 da turjiya uku ko huɗu da maltimita ɗaya ya isa ɗalibi ya tabbatar da dokar Ohm da hannunsa ba tare da haɗari ba. Akwai kuma buƙatar masana harshe da na kimiyya su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa, domin masu gyaran wuta da masu harhaɗa sola da yawa da Hausa suke koyo, da ita kuma suke koyarwa.